Sauya faifan kwamfutocin shago zuwa SSD: yadda aikin ke tafiya

Litinin, 5 ga Janairu 2026

Kwamfutoci uku ne a shagonmu na buga takardu da ke Titin Bauchi, kusa da Jami'ar Jos, kuma duk na hannu ne, irin waɗanda ofisoshin Turai suka gama da su aka loda mana a kwantena. Babbar cikinsu Dell OptiPlex 7060 ce, a kanta ake aikin katunan biki da buga kundin ɗalibai. Sai laftof ThinkPad T440 da muke cike wa mutane fom da ita a intanet. Ta ukun HP Compaq Pro 6300 ce, tsohuwa tukuf, tana can lungu da sikana a gefenta. Kowace da faifai mai juyawa a cikinta, wato ma'ajiyar bayanai irin ta da, wadda SSD, sabuwar ma'ajiya mai sauri, ke maye gurbinta.

Tun wajen Nuwamba babbar take ba mu wahala. Ka kunna ta da safe, ka share shago, ka je ka sayo shayi ka dawo, ba ta gama farkawa ba. In ka buɗe Task Manager, tagar da ke nuna aikin da kwamfuta ke yi, sai ka ga faifan ya cika kashi 100 cikin 100, firosesa kuwa tana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Yaya, mai shagon, ya riga ya yanke cewa a sayar da ita a cika kuɗi a sayi wata. Na ce masa, "Yaya, ka yi haƙuri, kwamfutar ba ta gaji ba, faifan ne ya gaji." Firosesar cikinta Core i5-8500 ce, aikin shago bai isa ya sa ta gumi ba. Abin da ke riƙe ta shi ne faifai mai juyawa sau 7,200 a minti, da allura a kansa wadda dole sai ta taka zuwa inda kowane guntun fayil yake. Windows kuwa dubban ƙananan fayiloli yake karantawa a lokacin tashi, kuma a warwatse suke. Irin wannan faifai, in ana yawo da allurarsa haka, da ƙyar yake wuce karatu ɗari da 'yan kai a daƙiƙa. SSD ba shi da abu mai motsi a ciki, yana yin dubbai masu yawa.

Na sa CrystalDiskInfo ta karanto rahoton lafiyar da faifan ke rubutawa game da kansa, wanda ake kira SMART. Ruwan ɗorawa ta nuna, ba shuɗi ba. Layin 05, na wuraren da suka lalace aka musanya su, ya tashi daga sifili. Haka ma layin C5, na wuraren da faifan ya kasa karantawa. Na biyun ne ya fi ɗaga mini hankali, don yana nufin akwai fayil a wani wuri da wataƙila ya riga ya tafi ba mu sani ba.

Ga kuma zancen Windows 10, wanda Microsoft ya daina ba shi sabuntawar tsaro ta kyauta tun 14 ga Oktoba 2025, kuma shi ne a kan duka ukun. Shiri dai shi ne: kowace ta samu SSD, a ɗora mata babbar manhaja, wato Windows ko makamancinsa, sabuwa fil, ɗaya bayan ɗaya don kada shago ya tsaya.

Laraba, 7 ga Janairu

Ban sayi komai ba tukuna. Na fara buɗe su na ga ramin da kowace ke da shi, don SSD ba iri ɗaya ba ne, kuma mai shago a kasuwa zai sayar maka da abin da ke hannunsa ne, ba abin da kwamfutarka ke ɗauka ba.

A babban bod ɗin OptiPlex, wato allon da duk kayan cikin kwamfuta ke haɗuwa a kansa, akwai ramin M.2 mai ɗaukar siririn katin SSD na 2280, wato faɗin milimita 22, tsawon milimita 80. Amma siffar ba ta isa ba. Akwai katin M.2 da ke tafiya ta hanyar SATA, tsohuwar hanyar haɗa faifai da bod, yawanci da tsaga biyu a bakinsa, akwai kuma na NVMe, sabuwar hanya mai sauri, mai tsaga ɗaya. Na SATA ba ya wuce kimanin megabait 550 a daƙiƙa ko wane kamfani ya yi shi, na NVMe a ramin PCIe 3.0 yana kusantar 3,500. Wannan bod yana ɗaukar NVMe, shi zan nema. Sauran biyun kuwa SSD na inci 2.5 za su ci, na SATA, kuma na laftof dole kaurinsa ya zama milimita 7.

Ƙurar da na kwaso daga cikin fanka sai wanda ya gani. Hunturun bana bai yi wasa ba. Kuma akwai abin da masu gyara da yawa ba sa ɗauka da muhimmanci: a wannan busasshiyar iskar jikin mutum na tara lantarki, musamman mu a Jos da kowa ke cikin suwaita da safe. Tartsatsin da kake ji in ka taɓa ƙofar mota, wanda bai kai shi ba ma yana iya ƙona guntun da ke kan kati. Na sa yaron shago ya tuɓe suwaitarsa, ya riƙa taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin ya kai hannu ciki, ya kuma riƙa kama kati ta gefe.

Asabar, 10 ga Janairu

Kasuwa. Na zaga shagunan kayan kwamfuta na wajen Titin Ahmadu Bello da kasuwar Terminus. Farashi ya hau sosai kan yadda na san shi a bara, kuma wannan karon ba dala kaɗai ba ce. Manyan cibiyoyin ajiyar bayanai masu aikin ƙirƙirarriyar basira suna wawure ƙwayoyin ajiya daga masana'antu, har a watan Disamba kamfanin Micron ya sanar zai daina sayar da kayan Crucial ga ɗaiɗaikun masu saye. Saboda haka biyu kawai na iya ɗauka: WD Blue SN580 mai gigabait 500 na OptiPlex, da Samsung 870 EVO mai gigabait 500 na laftof. Na farkon na PCIe 4.0 ne, amma yana aiki a ramin 3.0, gudunsa ne kawai zai tsaya a iyakar ramin.

Wani mai shago ya miƙo mini wani SSD da ban taɓa jin sunansa ba, wai terabait 2, a ƙasa da kuɗin mai 500. Ya ce, "Malam, wannan ai sabon shigowa ne." Na ce Allah ya kawo kasuwa. Araha ba ta ado. Irin waɗannan ana shirya su ne su faɗa wa kwamfuta ƙaryar girmansu. Kana zuba kaya suna karɓa, sai sun wuce ainihin abin da ke ciki su fara rubutu a kan na baya, ranar da ka buɗe fayil ka tarar da shirme.

Ko waɗanda na saya ban yarda da kwali ba. Da na koma shago na duba lambar jikin kowanne ta dace da wadda SMART ke nunawa, na duba awannin aikinsa suna sifili ko kusa da haka, sannan na bar H2testw, manhajar gwada ainihin girman faifai, ta cika Samsung ɗin da rubutu ta karanto. Ya fito lafiya. Yaron ya ga Windows ya rubuta 465 maimakon 500 ya ce an cuce mu. Ba cuta ba ce. Masu ƙera faifai da 1,000 suke lissafi, Windows da 1,024, shi ya sa mai 512 ke fitowa 476, mai terabait 1 ke fitowa 931.

Lahadi, 11 ga Janairu

Yau ba a buɗe shago ba, sai na zauna da ainihin aikin. Ɗaura SSD sukuru ɗaya ne. Abin da ke cin lokaci shi ne gano abin da ke zaune a tsohon faifai wanda kowa ke amfani da shi kullum amma ba wanda ya san a nan yake.

Wani abokina mai gyara ya ce me zai sa in wahala, in kwafe faifan gaba ɗaya zuwa sabon da Clonezilla, awa biyu an gama. Ga faifai mai lafiya da Windows mai tsabta, shawara ce mai kyau. Namu ba haka yake ba. Yana da wuraren da ba sa karantuwa, kuma shekaru ana ɗora masa duk manhajar da wani ya zo da ita a filas, har da waɗanda aka fasa makullinsu, waɗanda ba wanda zai rantse a kan abin da ke cikinsu. Kwafe shi kamar mutum ne ya gina sabon ɗaki ya kwaso kayan tsohon har da sharar ƙarƙashin gado. Ɗorawa daga tushe zan yi.

Manyan foldoji ba su da wuya: Documents, Desktop, Downloads, da foldar ayyukan kwastomomi. Amma ban ja su da linzami ba, don in kwafin ya ci karo da fayil ɗaya da ya lalace sai ya tsaya yana jiran amsa. Da robocopy, umarnin kwafi na cikin Windows, na yi, na ƙara masa /E /R:1 /W:1. Wannan ƙarin ba ado ba ne. In ba ka sa ba, robocopy a yadda aka tsara shi zai sake gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan 1, yana hutun daƙiƙa 30 a tsakani. A kan faifai mai ciwo wannan yana nufin ka kwana kana kallon layi ɗaya. Da ya gama ya ba ni jerin waɗanda suka ƙi: wasu hotunan wani biki na 2023 da wani tsohon kundi. An ci sa'a, duk an daɗe da miƙa wa masu su.

Sai ɓoyayyun. Salon haruffa su ne na farko, don shagon da ke yin katin gayyata da kalanda ba shi da jarin da ya fi su. In ka buɗe tsohon fayil na CorelDRAW babu salon da aka yi shi da shi, manhajar za ta musanya da wani, sunan amarya ya tsallake layi. Kowa ya san foldar Fonts da ke cikin Windows, amma tun sigar 1809 ta Windows 10 salon da mutum ya ɗora wa kansa kawai yana tafiya wani wuri daban, cikin AppData\Local\Microsoft\Windows\Fonts. A can na tarar da duk na Larabcin da muke buga takardun Islamiyya da su.

A AppData ɗin dai na ɗauko Normal.dotm, inda Word ke ajiye tsarin shafin da muka saba, da CUSTOM.DIC, ƙamus ɗin da mai buga mana rubutu ta shekara tana cusa wa sunayen mutane da garuruwa don jan layi ya daina bin su. Direbobin firinta da sikana, wato manhajojin da ke haɗa su da Windows, na fitar da su da umarnin pnputil /export-driver zuwa folda guda, saboda firintarmu tsohuwa ce, neman direbanta a intanet yawo ne cikin shafukan da ba su da amana. Kalmomin sirrin da ke cikin burauza na fitar, na adana daban.

Na kusa rufewa na kira Yaya na tambaye shi ko akwai wani abu nasa a ciki. Ya ce babu, sai can ya ce, "Af, 'yar takardar nan mai ruwan ɗorawa da ke kan allo fa?" Sticky Notes yake nufi. Ashe a nan yake rubuta sunayen masu bashi, tun daga malaman makaranta har masu takarar kansila. Duk suna cikin fayil ɗaya mai suna plum.sqlite, can ƙasan AppData. Na kwafe shi, na kuma ɗauki hoton kowace takarda da waya.

Kwafi biyu na yi, ɗaya a faifan waje, ɗaya a kwamfutar lungu, na buɗe fayiloli daga wurare daban-daban na tabbatar suna buɗuwa.

Talata, 13 ga Janairu

Daren jiya na sauke Windows 11 daga shafin Microsoft da datar dare, don ya haura gigabait 5. A kasuwa akwai masu sayar da filas da Windows a ciki, wai an riga an kunna lasisi, an haɗa da Office. Ban ga dalilin da zan kori ƙazanta ta ƙofa in shigo da ita ta taga ba. Shafin yana ba da lambar SHA-256 ta fayil ɗin. Na sa Get-FileHash ya lissafo ta wanda na sauke, suka dace, wato intanet bai yanke mini komai a hanya ba.

Rufus, manhajar da ke shirya filas ɗin ɗora Windows, na yi amfani da shi na shirya filas mai gigabait 16. Ana buƙatar aƙalla 8, kuma duk abin da ke ciki zai goge. Kwafa da hannu ba ta yi, saboda tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4, babban fayil ɗin Windows kuwa ya wuce haka. Rufus ya san yadda yake kauce wa wannan. Cikin zaɓin da yake bayarwa na ɗauki biyu: asusun cikin kwamfuta maimakon na intanet, da hana BitLocker, makullin faifai na Windows, kulle faifai da kansa. Tun sigar 24H2, sabon Windows yana iya kulle faifan da zarar ka shiga da asusun Microsoft, ya ajiye makullin mai lamba 48 a asusun. A shagon da mutum huɗu ke taɓa kwamfuta, kuma ba wanda ke tuna imel ɗin da aka buɗe, wannan tarko ne. Zan kulle faifan, amma da hannuna, bayan na buga makullin a takarda Yaya ya kai gida.

Bayan la'asar, da kwastomomi suka ragu, na zare wuta, na cire wayoyin tsohon faifai gaba ɗaya. Wannan dole ne. In ka bar shi a haɗe, mai ɗora Windows yana iya ganin yankin tashi na tsohon ya yi amfani da shi, ranar da ka cire tsohon sai sabon ya ƙi tashi. Na soka katin a karkace, na danna shi ƙasa, na ɗaure.

Maɓallin F2 ya kai ni BIOS, wato saitin bod da ake shiga kafin Windows ya tashi. TPM da Secure Boot, saitunan tsaro biyu, duk a kunne. Tsarin SATA na same shi a RAID On, na haɗa fayafai da yawa, na mayar da shi AHCI, tunda faifai ɗaya ne babu abin da za a haɗa. Yanzu ne lokacin canjawa, don in an gama ɗorawa aka canja, Windows ba zai ga faifansa ba. Na danna F12, na zaɓi filas a ƙarƙashin UEFI, sabon tsarin tashin kwamfuta. Faifan ya fito fanko, ban yanka shi ba, na bar mai ɗorawa ya yi nasa: ƙaramin yankin EFI, yankin MSR mai megabait 16, babban yanki, da na farfaɗowa. Mutanenmu suna son a raba C da D, wai in Windows ya lalace kaya na nan. Gaskiya ne, amma in faifan ne ya mutu C da D tare suke tafiya, kuma a gigabait 500 rabawa takura ce kawai.

Bai tambaye ni lambar lasisi ba. Tun zamanin Windows 8 manyan kamfanoni suke dasa ta a cikin bod, lasisin kuma da bod yake tafiya, ba da faifai ba. Yana hawa intanet ya nuna Windows 11 Pro a kunne. Ana cikin sabuntawa aka ɗauke wuta, UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, ya riƙe har aka tayar da janareta. Sabunta BIOS ɗin kansa na ɗage shi zuwa ranar da na tabbatar da wuta, don shi in ya yanke a tsakiya ba sake ɗorawa ba ne, bod ne zai tafi.

Alhamis, 15 ga Janairu

Kaya sun koma mazauninsu. Firinta ta karɓi direbanta daga foldar da na fitar, salon haruffa sun hau, katin bikin da na gwada ya buɗe yadda aka bar shi, masu bashi ma suna nan ba wanda ya tsira. Na ƙara allon rubutun Hausa a saitin harshe, don ɓ da ɗ da ƙ su riƙa fitowa da Alt na dama, a huta da kwafo su daga wani fayil.

Daga danna maɓalli zuwa fara aiki bai kai daƙiƙa 20 ba. CrystalDiskMark, manhajar gwada gudun faifai, ta ba da sama da megabait 3,000 a daƙiƙa a karatu, amma ni ba wannan lambar ce ta burge ni ba. CorelDRAW da a da sai ka gaisa da maƙwabci kafin ya buɗe, yanzu kafin ka gyara zama ya fito. Yaya ya tsaya ya kalla, sannan ya ce to me ya sa firinta ba ta ƙara sauri ba. Na ce, "Yaya, ita da intanet ba su san an yi wani abu ba."

Na duba TRIM da fsutil behavior query DisableDeleteNotify, ya ba da 0, wato yana aiki. Shi ne ke sanar da SSD wuraren da aka goge don ya share su tun kafin a buƙace su. Amma yana da wata fuska da na zaunar da kowa na faɗa masa. A tsohon faifai, in an goge kundin ɗalibi bisa kuskure, sau da yawa mukan tono shi da Recuva, don rubutun na nan kwance har sai an rubuta wani a kansa. A SSD, da an zubar da kwandon shara, a ɗauka ya tafi. Kuma tsohon faifai yakan yi ƙara, ya yi jinkiri, ya ba ka alama kafin ya mutu, kamar yadda namu ya yi. SSD yana iya aiki lafiya da daddare, da safe BIOS ya ce bai san shi ba. Don haka kwafin mako-mako zuwa faifan waje ya zama doka, kowace Asabar kafin a rufe.

Tsoron da ake yaɗawa cewa rubutu na cinye SSD da wuri kuwa, lissafi ya kashe shi. Samsung ya ba 870 EVO mai 500 garantin shekara 5 ko rubutun terabait 300. Ko gigabait 20 muke rubutawa kullum, sai an shekara 40 ba a kai ba. Abin kiyayewa kawai kada a cika shi maƙil, kuma kada wani ya kawo tsohuwar manhajar jera faifai ya sa masa. Windows ya san SSD ne, yana yi masa abin da ya dace duk mako.

Litinin, 19 ga Janairu

Da safe yaron ya kira ni, murya na rawa, wai sabon faifan ya mutu. Na zo na tarar da allon kuskure, a ƙasa an rubuta INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Na shiga BIOS: kwanan wata ya koma shekarun baya, tsarin SATA ya koma RAID On. Faifan lafiyarsa ƙalau. Ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, wanda ke riƙe saitin BIOS in babu wuta, shi ne ya ƙare. Ya kamata ya ba da volt 3, mita ta nuna bai kai 2 ba. An kashe soket tun daren Asabar, ga sanyi, sai saitin ya koma na masana'anta.

Na tambayi yaron ko ta taɓa nuna wani saƙo game da agogo. Ya ce, "Ai ta daɗe tana yi duk Litinin, F1 nake dannawa ta wuce." Da yake tsohon Windows a kan saitin masana'anta aka ɗora shi, komawar ba ta taɓa hana shi tashi ba, agogon kuma intanet ke gyarawa. Sabon batir, AHCI, ta tashi. Na sayo ƙarin biyu na sauran kwamfutocin.

Asabar, 24 ga Janairu

Laftof. T440 tana da batir biyu, na waje da na ciki, don haka cire na waje bai isa ba; akwai wuri a BIOS, ana shiga da F1, inda ake kashe na cikin kafin a buɗe murfin ƙasa. Murfin bayan sukurori yana da 'yan ƙugiyoyi, da tsohon katin waya na bi gefensa a hankali. Sauya faifan bai ɗau lokaci ba.

Gardamar a kan abin da za a ɗora ce. Firosesarta ta ƙarni na 4 ce, Windows 11 kuwa daga na 8 yake farawa a jerin Intel, ban da 'yan kaɗan, yana kuma neman TPM 2.0. Rufus yana iya tsallake binciken, Windows ɗin zai hau, zai yi aiki. Amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin sabuntawa ga irin wannan kwamfuta ba, kuma kowace sigar Home da Pro wata 24 take da shi, sai ka sake dabara ka haye ta gaba. Zama a Windows 10 kuma yana buƙatar shirin ESU, na ƙarin sabuntawar tsaro: na masu amfani a gida zai ƙare 13 ga Oktoba 2026, na 'yan kasuwa dala 61 ne kowace kwamfuta a shekarar farko, yana ninkawa duk shekara. Wannan laftof ita ce ke shiga shafukan da ake sa lambar NIN da katin banki na mutane. A ganina ita ce ta ƙarshe da ya kamata a bari ba tsaro.

Na kawo shawarar Linux Mint 22, madadin Windows, wanda aka gina a kan Ubuntu 24.04, da tallafi har 2029. Kusan duk aikinta a burauza ne. Yaya ya ce, "Kai dai ba ka rabo da fitina. Kwastoma ya zo da fayil ɗin Word fa?" Yana da gaskiya a nan. LibreOffice, madadin Office a Linux, yana buɗe fayil ɗin Word, amma yakan motsa shafi, kundin da malami ya ƙirga shafukansa kuwa ba a wasa da shi. CorelDRAW ma ba ya hawa Linux. Na ce duk wannan aikin babbar kwamfuta ne, ba na laftof ba. Na tayar da Mint daga filas ba tare da na ɗora ba, ya ga waya-fai ya kama, firinta ta fito da kanta, ya shiga shafin da ya saba ya buga takarda.

Mun tsaya a kan gwaji zuwa farkon azumi. Na ɗora Mint a SSD ɗin, tsohon faifanta da Windows 10 a ciki na sa a leda na rubuta suna na ajiye a durowa. In abin bai yi ba, mayar da shi aikin minti goma ne.

Laraba, 28 ga Janairu

Mai buga rubutu ta saba da Mint fiye da yadda na zata. Ƙorafinta ɗaya, wani shafin da ya fi son Chrome, na ɗora mata. Yaya har yanzu in zai yi wani abu babbar yake nufa.

Tsohon faifan OptiPlex wani ya zo yana so ya saya, na hana. Shekarun hotunan takardun mutane ne a ciki: katin NIN, fasfo, sakamakon jarrabawa, takardun fili. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe irin waɗannan alhakin tsare su, kuma ko babu doka amana ce. Fomatin na gaggawa ba ya goge komai, haka umarnin clean na diskpart, manhajar sarrafa faifai ta Windows, teburin yankuna kawai yake sharewa. Sai clean all ne ke bin faifai yana rubuta sifili daga farko har ƙarshe, shi ma ba ya isa wuraren da faifan ya riga ya killace. Zan riƙe shi zuwa ƙarshen Fabrairu ko wani zai tuno abin da ba mu kwafa ba, daga nan in kai wa mai walda ya huda shi.

Saura ta lungu. Firosesarta ta ƙarni na 3 ce, Windows ɗinta a tsohon tsarin yanka faifai na MBR yake, kuma a bod ɗinta ramin SATA ɗaya ne kawai mai cikakken gudu, mai shuɗi mai duhu da aka rubuta wa SATA0, a nan SSD zai shiga. Tana buƙatar ƙarfen da ke riƙe faifan inci 2.5 a gurbin 3.5, na sa a kawo mini. Manhajar sikanar ba ta hawa komai sai Windows, saboda haka niyyata in sake ɗora mata Windows 10 sigar 22H2, in zare mata wayar intanet gaba ɗaya, a riƙa ɗaukar abin da ta sikana da filas guda da ba ya fita shago. Mai gigabait 240 ya ishe ta. Ranar Asabar zan sake leƙa Terminus in ji farashi, in kuma wuta ta zauna da rana in sabunta BIOS ɗin babbar, in kulle faifanta.